Rabon Ɗaka

Na Allah ne mu, mai ido da marar ido, kuma wurinSa za a tattara mu. Kakana mahaifin Inna, Sarkin Makafin zongon Sokode, ya amsa kira wata Laraba da hantsi, yana zaune a kan buhu a ƙofar ɗakinsa. A kan buhu, ba a kan gado ba. Wannan ma sai da mutane suka sami abin cewa a kai.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Jama'a ta cika har an shimfiɗa tabarmi a layin mahauta, amma kukan kaɗan ne, raɗa ta fi yawa. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba," alhali idonta yana kan ƙofar ɗakin ajiya. Wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Kotokoli, wadda Hausarta ba ta raba mace da namiji, ta riƙe hannuna ta ce, "Yi haƙuri, ɗiyana. Tsoho ya tafi, amma ya bar maka jari, ko ba haka ba? Ai kai ne kana kai kaya Dapango." Ita a ganinta lallashi take yi. Na ce mata Allah ya ba da lada, na zare hannuna.

Makafi suna can gindin mangwaro a kan doguwar tabarmarsu. Galadimansu, na biyu bayan Kaka, mutum ne mai zaƙin murya, kuma ya san lokacin sakinta. Ya bari sai da wuri ya yi tsit, sannan ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya jiƙan Sarki. Allah ya yafe masa abin da muka sani da abin da ba mu sani ba. Wanda ba mu sani ba ɗin nan, shi ya fi nauyi." Aka ce amin, wasu da ƙarfi fiye da kima. Liman ya yi gyaran murya ya ja wata addu'ar.

Bari in faɗi abin da ake raɗawa, tunda ni ba na tauna magana. Ana cewa Kaka ya ci taimakon makafi. Wai duk buhun da gwamnati ta bayar sai ya zabtare wani abu ya ɗaure, a ɗora a mota a yi arewa da shi, ni kuma jikarsa mai fataucin albasa ni ce mai sayarwa. Mutum ya ƙarar da rayuwarsa yana riƙe da jama'a, a ƙarshe a binne shi da sunan ɓarawon makafi. Wannan ya ƙona mini rai fiye da mutuwar kanta.

Ba zan yi masa kwalliya ba, rabin abin shi ya jawo wa kansa. Kaka bai yarda da kowa ba. Ka kawo masa tuwo, sai ya shinshina. Ka gaishe shi da fara'a, sai ya ce, "Me kake so?" Bakin buhunsa da wani irin ƙulli na masu koren shanu yake ɗaure shi, in ya dawo daga masallaci kafin ya cire takalmi sai ya laluba ya ji ko an taɓa. Ni da yake kira amaryarsa, irin wasan kaka da jika, ban tsira ba. In na kawo masa goro daga tafiya sai ya murza shi a yatsa ya ce, "Amarya, wannan goron na so ne ko na neman saki?"

In ce, "Na sallama ne, tsoho. Na sami saurayi mai haƙora."

Ya yi dariya har da buga sanda a ƙasa, amma sai ya ɓare goron ya ba ni rabi in fara ci.

Wannan hali yana da tushe. Da ƙuruciyarsa koren shanu yake yi, daga Nijar ya gangaro da su kudu a ƙafa. Wata shekara ya ga wani wuri a bakin kogi kusa da Manduri, ciyawa har gwiwa, ruwa ba ya ƙafewa, kuma ba kowa. Ya nemi izinin masu ƙasa, suka ce ya zauna, ba su karɓi ko kaza ba. Ya kafa bukka ya kawo iyalinsa, yana ta yabon kirkinsu. Bai tambayi abin da ya sa masu wuri suka bar wa baƙo wuri mai kyau haka ba. Ashe wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda ne ya kore su. Aka fara da ƙaiƙayi, sai hazo-hazo, sai duhu. Ya sauko Sokode a shekarar da Faransawa suka sauke tutarsu, ya kan ce shi bai ga wadda aka sauke ba, bai ga wadda aka ɗaga ba, don haka kada a tambaye shi bambanci. Tun daga kogin nan, duk abin da aka miƙo masa kyauta sai ya ce da walakin goro a miya.

Sarautar makafi a zongonmu ba ta rawani kaɗai ba ce, aikinta rabo ne. Ranar Juma'a bayan an sauko, kowa ya zo ya juye abin da ya samu a kan tabarma, gero ne, masara ce, doya ce, a haɗa. Sarki ya cika mudu, mai karɓa ya ɗora hannunsa a kan hannun Sarki su shafe bakin mudun tare, don kada wani ya tashi yana cewa an tauye shi. Amma kafin a ba kowa, akwai wanda ake fara cirewa a ajiye gefe, shi ake kira rabon ɗaka. Na waɗanda idonsu ya tafi ne amma ba za su iya fitowa ba, ko don kunya, ko don girman gidansu, ko don abin da fitowar za ta jawo wa 'ya'yansu. Sarki kaɗai ya san ƙofofinsu, shi yake kaiwa, ba a tambayarsa. Haka Kaka ya gada daga wanda ya riga shi. Lokacin da rabon ɗaka bai wuce abin da za a ƙulle a gefen riga ba, ba wanda ya taɓa ɗaga murya a kansa.

Sai ga taimako. Zamanin soja ya riga ya yi nisa, an yi farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a arewa, sai aka fara kawo kaya daga ƙasashen Turawa ta hannun gwamnati: buhunan alkama, madarar gari, mai a gwangwani, da ɗan abin sawa a aljihu ranar biki. Wani ma'aikaci ya zo har gindin mangwaro, Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, mutum mai haƙuri, ban taɓa jin ya ci na kowa ba. Ina wurin ranar, na kawo wa Kaka fura.

Ya ce, "Sarki, kado ne, kyauta, ba a biyan komai. Sai dai kowa ya zo biro, ofishinmu, da ƙafarsa, a yi masa foto a ba shi kart, katin shaida."

Kaka ya ce, "Mushe, foton nan wa zai kalla? Mu dai ba mu ba."

Mushe ya yi dariya ya ce doka ce.

"To wanda ba ya iya fitowa fa?"

"Sarki, wanda ban gani ba, ba ni da yadda zan ba shi."

Kaka ya gyaɗa kai. Da Mushe ya tafi ya ce wa jama'arsa su je su karɓa, don yunwa ba ta jiran bincike, amma su sani wanda ya ƙirga ka ya san inda zai same ka. Alkamar farko kajin Inna ya fara watsa wa, ya zauna yana sauraron ko za su yi shiru. Madarar ya ce farar ƙasa ce, sai da kyanwar maƙwabta ta sha ta kwana lafiya. Farar sandar da aka raba kuwa bai taɓa fita da ita ba, ya ce an yi ta fara ne don a riƙa hango su daga nesa, ya ci gaba da riƙe tsohuwar sandarsa ta kiwo. Ranar biki in an ɗinka musu riguna an jera su a bakin hanya su tafa wa sojoji, shi ma yana tafawa, yana kuma gunaguni cikin gemu.

Sau ɗaya dai maganarsa ta fito. Ana jiran wani babban baƙo, aka zo da kamiyo, babbar motar kaya, aka bi masu kart ɗaya-ɗaya wai za a kai su walima. Aka sauke su can ƙauyen Awuda gindin wata bishiya, sai da baƙon ya wuce aka dawo da su. An ba su abinci, ba a taɓa kowa ba. Amma Kaka ya dawo yana murna kamar wanda aka biya wa kujerar Makka, duk wanda ya zo jaje sai ya ce masa, "Ai na faɗa muku."

Gaskiya taimakon ya yi rana. Tsofaffi sun daina fita cikin ruwan sama, 'ya'yan makafi sun yi kumatu. Kuma duk rashin yardar Kaka, hannunsa bai taɓa rufewa ba. An taɓa tsintar wani mutumin ƙabilar Moba daga Tanjuware a tasha, ido ya tafi, ba ya jin Hausa, ba ya salla. Galadima ya ce sadakar Juma'a ba ta hau kansa ba. Kaka ya tashi da kansa ya jawo shi kan tabarma ya ce, "Ƙudan da ya cije shi bai tambaye shi alwala ba." Ya ɗora hannun mutumin a kan nasa suka shafe mudu. Amma kada a ce ya canza hali, mako guda ya yi yana sa a duba masa ko mutumin ɗan leƙen asiri ne.

Inda rigima ta tashi shi ne da Kaka ya ce kayan gwamnati ma sai an juye a tabarma an cire rabon ɗaka. Galadima ya ce wannan ba sadaka ba ce, haƙƙin mai kart ne, kowa ya tsaya a rana an yi masa foto kafin ya samu. Kaka ya ce makanta aka ba wa, ba foto ba. Ya fi ƙarfinsu don shi ne Sarki, aka cire. To abin da da ake ƙullewa a gefen riga yanzu ya zama buhu. A zongo kuwa duk abin da ya shiga buhu ya hau mota sunansa fatauci, ba a san wani dalili na ɗaure kaya ba in ba wannan ba.

Na cikin gari shi yake kaiwa da kansa, a cikin jaka ƙarƙashin babbar riga. Ya kan fita kamar zai je gaisuwa, ya bi ta lungun masu rini, ya shiga masallaci ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. An sha sa masu ido su bi shi, ya ɓad da su. Na arewa kuwa ni nake ɗauka. Ina kai doya Dapango in sauko da albasa, sai ya ba ni buhu da ƙullinsa ya ce in sauke ta ƙofar baya a gidan abokinsa, wanda suka yi koren shanu tare suka kuma zauna bakin kogin nan tare.

Abokin nan babban maigidan 'yan shanu ne. Makiyaya da fatake a gidansa suke sauka, ya ciyar da su kyauta har su sayar, shi yake yanke farashi, shi yake tsaya wa mai saye da mai sayarwa. Jarin irin wannan mutum idonsa ne, in ya dubi sa ya faɗi kima an gama. Kullum yana zaure a kan buzu, da baƙin tabarau da aka kawo masa daga Makka, wai ciwon ƙafa ya hana shi zuwa kasuwar shanu, babban ɗansa yake turawa. Ban daɗe ba na gane. Na gaishe shi daga dama, na matsa hagu don in aje kaya, ya ci gaba da yi wa daman magana. Fari ya cinye shanun mutanensa, samu ya ja baya, amma tukunyar baƙi ba ta da ikon sauka, don ranar da baƙo ya kwana da yunwa gidan ya mutu. Alkamar makafin Sokode ita take riƙe da tukunyar nan, wani abu kuma ya wuce wasu gidajen da ni ban sani ba.

Na yi shiru har ranar da wata mai tumatir ta tare ni a tasha. Na dawo gida ina huci, na sami Kaka yana tauna asuwaki.

Na ce, "Tsoho, yau sai ka faɗa musu. A gar, tsakiyar tasha, wata ta tambaye ni nawa nake sayar da mudun alkamar makafi. A gaban mutane!"

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta je ta tambayi uwarta."

"To ai kin ba ta amsa."

"Ba wasa nake ba. Ka tara su ranar Juma'a ka faɗi gidajen da kake kaiwa, kowa ya huta. Kana ji ana ce maka ɓarawo kana tauna icce!"

Ya zare asuwakin. Ya miƙa sanda ya taɓa labulen ƙofa ya ji ba kowa, sannan ya rage murya. "Da wa zan fara, amarya? Da abokina, a kwashe masa baƙi? Ko da uwarki?"

Na ce Inna me ya haɗa ta da wannan.

"Kina kan hanya kullum, ba ki kallo. Yaushe rabon da ki ga ta tsince shinkafa? Wa ya ce miki ciwon baya ne ya sa ta bar wa 'yarki suyar ƙosai? A kogin nan ta yi wanka tana yarinya, ƙudan da ya cije ni shi ya cije ta. Mudu guda nake tsallaka mata da shi tsakar gida, haƙƙinta ne, ba don 'yata ce ba. Ni da ke mun san ƙuda ne. Amma uba makaho, 'ya makauniya, zongo ba zai ce ƙuda ba, cewa zai yi jini ne. Ga 'yarki an kawo goron sa rana."

Haka ne, an kawo. Wani yaro ne na gidan masu kamiyo, baƙin Nijar, su biyun suna son juna, an tsayar da bayan Babbar Salla. Na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sunan ɓarawo a kaina zai tsaya. Sunan makanta kuwa har jikoki yake bi."

Na fita na tsaya ina kallon Inna tana zuba ruwa a moɗa. Yatsanta yana bakin moɗar, yadda Kaka yake yi don ya ji in ta cika. Na koma bayan ɗaki na yi kuka mai isata, daga ranar kuma ko an zage ni a tasha ba na tankawa.

Al'ada ita ce Sarki ya raɗa wa magajinsa ƙofofin kafin ya mutu. Kaka bai yi ba. Ya kan ce bakin Galadima na waƙa ne, ba na ajiya ba, mutuwa kuma ta zo ba sallama. Bayan sadakar bakwai aka buɗe ɗakin ajiya a gaban wakilin Sarkin Zongo, aka sami rabin buhu da ƙullin nan nasa. Aka ce to ga shaida. Galadima ya ce daga yau babu rabon ɗaka sai an kawo sunaye, in kuwa ba a kawo ba ranar arba'in zai kai magana biro, jandarma su zo su tambaye ni inda na kai sauran. Ina ji ina gani, amsar tana bakina, ba halin fitarwa.

Na hau Dapango da doya, ba buhu. Abokin Kaka ya riga ya ji rasuwar, ya aiko ɗansa ta'aziyya tun ranar uku. Ya sa na zauna kusa da buzunsa ya ce, "Jikata, me ake faɗa a kansa can?"

Ban roƙe shi komai ba. Ya tambaya, na faɗa masa duka, har da addu'ar Galadima. Ya ja carbinsa. Can ya ce in gaishe da Inna.

Ranar sadakar arba'in da safe an cika ƙofar gida. Ga Liman, ga wakilin Sarkin Zongo, ga mahauta da fataken shanun Sokode waɗanda yawancinsu a gidan abokin Kaka suke sauka in sun hau arewa. Ana raba gumba sai ga kamiyon shanu ya tsaya. Abokin Kaka ya sauko cikin babbar riga mai aska, da tabarau, hannunsa a kafaɗar ɗansa. Fatake suka miƙe suna "Maigida, sannu da hanya," ana gyara masa wuri kusa da Liman. Bai zauna ba. Ya saki kafaɗar ɗansa, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce, "Ina tabarmar makafi take? A yi mini magana daga can in bi murya."

Ba wanda ya motsa. Mutumin Moban nan ne ya buga sandarsa a ƙasa, tsohon ya bi ƙarar yana lalube da ƙafa, har ya taka gefen tabarmar ya zauna.

Ya ce, "Jama'a, buhun da kuke nema a cikina yake, da cikin baƙina. Wasunku da ke zaune nan kun ci tuwonsa a zaurena kun sa albarka. Idona ya tafi tun kafin fari. Mamacin nan ya rufa mini asiri har ya shiga kabari da zagi a kansa. Ba zan iya cin abincinsa in bar shi a haka ba."

Galadima ya juya kai ya ce, "Liman, kai ne mai ido. Me ka gani?"

Liman ya ce, "Fari fat, Galadima. Duka biyun."

"To, ɗaya ke nan. Mutum ɗaya ba zai cinye abin da aka yi ta cirewa ba. Sauran fa?"

Tsohon ya ce, "Sauran ba ni aka ba amanarsu ba."

Liman ya ɗaga hannu ya ce kowa ya nemi gafarar mamaci, an ɗauki alhakinsa. Wannan karon kukan gaske aka yi, har mai tumatir ɗin nan ta zo ta kama ƙafata. Galadima bai ƙara zancen jandarma ba. Ni kuwa daɗi ya cika ni, na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Na ce a raina, tsoho, yau an wanke ka ko ba ka so.

Daɗin bai yi nisa ba. Kafin in sake hawa Dapango, makiyaya sun kwashe sandunansu daga gidan abokin Kaka sun koma wani gida, zauren da ba ya rabo da mutane ya zama wurin kwanan awaki. A Sokode kuwa tambayar Galadima ta shiga kowane lungu: sauran su wane ne? Zargin da da yake kan mutum ɗaya ya watsu a kan kowa. Duk tsohon da ya daina zuwa kasuwa, duk tsohuwar da ta ce ciwon baya, aka sa musu ido. Wani alhaji sai da ya daina sa tabaransa na Makka don kada a ce. Aka kuma ƙirƙiro wata dabara. A zo gaishe ka, ana cikin hira a miƙo maka goro daga gefe ba tare da an ce ungo ba, a ga ko za ka karɓa.

Wata safiya ina gindin murhu sai ga uwar yaron da zai auri 'yata, ta ce ta zo duba jikin Inna. Aka shimfiɗa mata tabarma. Suka gaisa, suka yi zancen tsadar atamfa, da ruwan da ya ƙi saukowa. Sai na ga ta kwance bakin mayafi a hankali, ta buɗe ganye ta fito da goro fari babba, ta miƙa shi ta hagun Inna, bakinta bai daina hira ba.

Ina riƙe da muciya. In na ce "Inna ga goro," na tona. In na yi shiru, ya tonu. Inna tana fuskantar gaba tana murmushi, hannun matar yana nan a miƙe.

Sai Inna ta ce, "Hajiya, hannunki zai gaji. Tun da kika kwance ganyen na ji ƙararsa. Ganinsa ne ba na yi. Ƙudan kogi ne, ba jini ba, amma na san ba za ki yarda ba."

Ta buɗe tafin hannu. Matar ta sa mata goron, ta ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba da lafiya, ta ce ta bar tukunya a wuta. Na raka ta har zaure, ba ta dube ni ba.

Yanzu duk inda aka ambaci Kaka a zongo sai ka ji an ce mutumin kirki, mai riƙon amana, ba a san darajarsa ba sai da ya tafi. Abin da na nema ke nan, na kuwa samu. Allah ya haskaka kabarinsa, Ya nuna masa abin da ya daɗe bai gani ba, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa wa bayinSa. Babbar Salla ta zo ta wuce. Daga gidan masu kamiyo ba a aiko an ce an fasa ba, ba a kuma aiko an ce ana tafe ba. 'Yata tana nan ƙofar gida tana suyar ƙosai, in mota ta tsaya a bakin layi sai ta ɗaga kai.